Ciwon Ajali da Ranar Zaman Kotu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Ɗambatta, ko wadda ta ratsa Dawanau zuwa Bichi, ko kuwa ta Gezawa, ya san cewa a wannan yanki babu sauran abin da za a kira daji. Gona ce ke jingine da gona, tun daga bakin kwalta har iyakar ganin ido, ba abin da ya raba ta wane da ta wane sai layin gamba, ko 'yar aduwa, ko wata tsohuwar ɗorawa wadda kowa ya san mai ita. Ba a barin ƙasa ta huta. Kowace damina sai an shuka ta, kowane rani kuma sai an kai mata taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi rubuce-rubuce tun cikin shekarun 1960 a kan yadda manoman kewayen Kano suke ci da kansu daga 'yan ƙananan gonaki ba tare da ƙasar ta mutu ba. To, a wurin da ƙasa ta yi daraja haka, mutuwar kowane magidanci rabo ce, kowane rabo kuwa yana iya zama shari'a.

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in yi magana a kan irin shari'ar da ake yi a bakin kabari, watau wadda mai ƙara, ko wanda ake ƙara, ko mashaidin da gaskiyar magana take bakinsa, ya riga ya tsufa ko ya kwanta ciwo, ga kuma kotu tana ta ɗaga zama kamar ta karɓi alkawari daga Mala'ikan Mutuwa cewa zai dakata mata. Kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ina da hannu a cikin maganar, domin a gidanmu na fara koyon ta kafin in zo jami'a.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi aure a wani ƙauye da ba shi da nisa da namu, ta haifi 'ya'ya uku, duka mata. Ita ce uwargida. Mijinta ya yi jinya ta wata bakwai, ya rasu da bazarar 2016. Bayan sadakar arba'in, da aka zauna maganar gado, sai babban ɗan amarya ya ce babbar gonar da ke bakin fadama ba ta cikin rabo, wai mahaifinsu ya ba shi ita kyauta tun yana da rai. Gwaggo ba ta musa cewa an yi maganar ba. Abin da ta ce shi ne, ran da aka yi ta, malam yana kwance, ita ke tayar da shi ta ba shi kunu a baki, kuma bai sake taka ƙofar zaure ba har aka fita da gawarsa. Liman ya san haka, wanzamin da ke zuwa yi masa ƙaho ma ya sani. Dagaci ya yi iya ƙoƙarinsa na sulhu, abin ya faskara, aka tafi gaban alƙali a 2017.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana dalilin da ya sa kwanciyar malam ta zama ita ce jigon shari'ar, domin wanda bai san wannan ba zai ɗauka gardamar kishiyoyi ce kawai. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda da ita ake hukunci a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, sun bambanta tsakanin abin da mutum ya bayar yana lafiya da abin da ya bayar yana ciwon ajali. Mai lafiya yana da ikon kyautar da gonarsa, amma kyautar ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa. In mai kyautar ya mutu kafin haka, ta koma gado. Wanda kuwa ciwo mai ban tsoro ya kama, irin wanda masana magani suka san an fi mutuwa da shi, to an taƙaita masa hannu. Kyautarsa ta zama tamkar wasiyya: ba za ta wuce sulusin dukiya ba, kuma ba ta halatta ga wanda zai ci gadonsa sai in sauran magada sun yarda. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu har gobe. Har mace mai cikin wata shida, da fursunan da ke jiran kisa, da wanda ke sahun yaƙi, an sa su a wannan layi. Auren da aka ɗaura cikin irin wannan ciwo ɓatacce ne, matar da aka saka a cikinsa kuma tana cin gado ko da ta gama idda. Hikimar a fili take: mutumin da ke jin ƙamshin mutuwa yana da sauƙin lanƙwasawa, kuma wanda ya fi kusa da kunnensa a daren ƙarshe ba lalle ne ya fi kowa haƙƙi ba. Amma akwai ƙofa guda da aka bari a buɗe. Ciniki a kan farashin da ya dace ya halatta ga mara lafiya, domin yana bukatar abinci da magani. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kanta.

Liman ya zo ya ba da shaida, wanzami ma haka. Da ɗan amarya ya ga inda iska ta dosa, sai ya ce ai shi ya riƙa biyan kuɗin magani, saboda haka gonar ba kyauta ba ce zalla, ciniki ne. Alƙali bai karɓi wannan ba, ya yanke hukunci da kakar 2018 cewa gona ta koma cikin gado. Aka ɗaukaka ƙara. Bayan shekara guda kotun da ke sama ta ce ta duba takardun shari'a ba ta ga inda aka yi i'izari ba, watau tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa mai shari'a ko yana da sauran hujja kafin a yanke hukunci, don haka a koma a sake daga farko a gaban wani alƙali. Ba a kai ga sakewa ba annobar korona ta zo, aka rufe kotuna. Cikin azumin 2020, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a Kano, liman ya cika. Shekara ta zagayo, ma'aikatan kotuna na ƙasa baki ɗaya suka shiga yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni 2021. Sa'ad da aka zauna a ƙarshe, wanzami ya rikice da tsufa, ba ya bambanta jiya da bara. Aka ce shari'a sabuwa ce, shaida ma sabuwa ake so. Gwaggo ta sha kaye a farkon 2022.

Ita ma ta ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu a birni. Ni ne mai raka ta, domin ni ne ɗan boko. Mukan fito da asuba, mu hau babur zuwa bakin titi, mu shiga mota, mu zauna a kan benci har azahar, sa'an nan a kira lambarmu a ce lauyan ɗaya ɓangaren ya aiko da takarda yana wata kotu, an ɗaga zuwa wata biyu. Ran nan muna dawowa, ta daɗe ba ta ce kome ba, can sai ta juyo ta ce mini, "Kai ɗan nan, wai shi alƙalin nan ya san ana mutuwa kuwa?" Na ce, "Ya sani mana, Gwaggo." Ta ce, "To, bai nuna ba."

Wajen ƙarshen 2023 lauyan ɗan amarya ya tashi ya ce tun da magana ta zama ta ciniki da mallakar ƙasa, ba ta gado ba, wannan kotu ba ta da hurumin saurarenta. Kotu ta yarda, ta kori ƙara, aka ce mu nufi wata. A wannan tsakani ne ɓarin jikin Gwaggo ya shanye. Na je wurin magatakarda da takardar asibiti ina roƙon a matso da ranarmu. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya yi mini jaje, ya ce babu wata ƙofa da aka tanada domin irin wannan, kowa layi yake bi, kuma ma ba a gama juya takardunmu zuwa Turanci ba. Ta rasu da kakar 2024. Damina tara ke nan ana noma gonar, ko zangarniya ɗaya ba ta shiga rumbunta ba.

Ba na cewa lalle Gwaggo ce mai gaskiya, ko da yake zuciyata ta ba ni haka. Abin da nake cewa shi ne, a 2017 akwai mutum uku masu rai da hankali waɗanda suka ga abin da ya faru a ɗakin nan, yau babu ko ɗaya. Duk hukuncin da za a yanke nan gaba, ko ya faɗa mana ko ya faɗa wa ɗan amarya, lalube ne a cikin duhu. Hausawa na cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Haka ne, amma ciki ma yana da watanninsa, in ya wuce su kuwa ungozoma takan fara jin tsoro.

Kada a ɗauka abin da ya same mu tsautsayi ne na gida ɗaya. Yana cikin ginin kotunan kansa. Ƙarar gona da ta fara a ƙaramar kotun shari'a tana iya hawa bene huɗu ko biyar kafin ta tsaya a Kotun Ƙoli a Abuja, kuma a tsakiyar benen akwai mararraba mai ɓatar da mutane. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a iko a kan aure, da riƙon yara, da waƙafi, da kyauta, da wasiyya, da gado, har da kula da Musulmin da jikinsa ko hankalinsa ya raunana. Bai ba ta iko a kan gardamar mallakar ƙasa tsagwaronta ba. Wannan ta Babbar Kotun Jiha ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000. A takarda iyakar a bayyane take. A ƙauye kuwa gona ɗaya takan zama gado a bakin wannan, kyauta a bakin wancan, jingina ko aro ko saye a bakin na uku, duk a zama ɗaya. Manomin da bai taɓa ganin Tsarin Mulki ba shi ake sa wa ya zaɓi ƙofa, in ya kuskure kuma ba a gaya masa ran farko, sai ya shekara biyu a kan benci. Wani abin takaicin shi ne, maganar rashin hurumi ana iya tayar da ita a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, ta rushe duk abin da aka gina a ƙasa. Lauya mai wayo yakan ajiye ta a aljihu sai ran da ya ga za a kayar da shi.

Sa'an nan ga maganar harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban wannan sashe. A ƙaramar kotu da Hausa ake magana, da Hausa ake rubutawa, hujjojin alƙali kuwa daga littattafan Larabci suke. Manyan kotuna harshensu Turanci ne. Saboda haka kafin a saurari ƙarar tsohuwa, sai an nemi mai kwafe takardu, an nemi mai fassara, an biya, an jira. Wanda ya taɓa ganin irin wannan fassara ya san yadda aro da jingina da haya suke narkewa su zama kalma ɗaya, alhali kuwa a kan bambancinsu shari'ar take tsaye. Muna fita daga jami'a kowace shekara da digirin Hausa muna neman aikin koyarwa, ga aikinmu can yana kwance cikin ƙura a ɗakin ajiyar kotu.

Wani zai ce alƙalai sun yi kaɗan, ƙararraki sun yi yawa. Gaskiya ne. A ƙarshen 2023 alƙalai 10 kacal suka rage a Kotun Ƙoli, sai a Fabrairu 2024 aka rantsar da wasu 11. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuma ba ta zama a kan ƙarar da ta fito daga kotun shari'a sai an haɗa alƙalai uku masana shari'ar Musulunci, haɗa su kuwa ba kullum yake samuwa ba. Ciwon ma tsoho ne: shari'ar ƙasa ta Ariori da Elemo an shigar da ita a Legas a 1960, a 1983 Kotun Ƙoli ta ce a koma a sake. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kotunanmu ba su iya sauri ba, domin mu mutanen Kano mun gani da idonmu.

An yi zaɓen gwamna ran 18 ga Maris 2023. Kotun zaɓe ta yanke hukunci ran 20 ga Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ran 17 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ran 12 ga Janairu 2024. Kotu uku, da tulin takardu da akwatunan ƙuri'u, cikin kwana 300 daga ranar zaɓe. Ba wani abin al'ajabi ne ya faru ba. Sashe na 285 na Tsarin Mulki ne ya ɗibar wa kotun zaɓe kwana 180, ya ɗibar wa kowace ɗaukaka ƙara kwana 60, in sun wuce ƙara ta mutu. Waɗanda suka rubuta wannan gyara 'yan siyasa ne, sun san zafin jira, suka yi wa kansu magani. Haka kuma ran 23 ga Mayu 2024, da Majalisar Dokokin Jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, a ranar nan Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin wucin gadi, cikin mako guda kuma umarni ya yi ta karo da umarni tsakaninta da Babbar Kotun Jiha, har Babban Jojin Ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu. Ba ina shiga maganar wanda ya cancanci sarauta ba, ba ta gabana a nan. Ina nuna cewa ƙofar gaggawa tana nan, tana buɗuwa har da dare, ga wanda ya san inda ake ƙwanƙwasawa. Dalilin da akan bayar shi ne wa'adin mulki shekara huɗu ne, in an yi jinkiri hukunci ya zama banza. To, tsohuwa mai shekara saba'in da shanyewar jiki, wa'adin nata shekara nawa ne?

A wasu ƙasashe irin wannan shari'a takan zo da wata fuska. A can gardamar takan kasance tsakanin likitoci da dangi, a kan ko a ci gaba da riƙe mara lafiya da na'urar numfashi ko a cire. A Ingila, a 2017, an yi ta a kan wani jariri mai suna Charlie Gard. Babbar Kotu ta yi hukunci ran 11 ga Afrilu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ran 25 ga Mayu, Kotun Ƙoli ran 8 ga Yuni, Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ran 27 ga Yuni: kotu huɗu cikin mako 11. Mutum yana iya ƙin hukuncin da suka yanke, mutane da yawa ma sun ƙi shi, amma iyayen yaron sun ji amsar kowace kotu yana da sauran numfashi. Mu a karkarar Kano ba mu kai ga wannan gardama ba, domin mara lafiyarmu bai cika samun na'urar ba balle a yi jayayya a kan cire ta. Kuɗi ne ke yanke hukunci tun a bakin ƙofar asibiti. Amma Nijeriya ta taɓa ganin makamanciyarta. A watan Mayu 1997, a Legas, wata uwa ta ƙi yarda a ƙara wa jaririnta jini saboda aƙidarta, aka garzaya gaban majistare, ya ba da izini nan take, aka ƙara jinin, yaro ya rayu. Shari'ar da ta biyo baya, Esabunor da Faweya, ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai a Maris 2019, yaron yana gab da cika shekara 22. Majistaren nan ya gane abin da manyansa suka manta.

Ya kamata kuma in faɗi abin da ke gefe ɗaya, don kada a ce ɗalibi ya ɗauki zafi. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, in ji mutanenmu, sauri kuma kan haifi nawa. Umarnin da ake bayarwa cikin dare ba tare da an ji ɗaya ɓangaren ba, shi ne makamin da aka fi zaluntar mutane da shi a ƙasar nan. Kuma roƙon gaggawa da kansa yana iya zama dabarar jinkiri. A Amurka, a jihar Fulorida, an yi shekara bakwai, daga 1998 zuwa 2005, ana ja tsakanin miji da iyayen wata mata mai suna Terri Schiavo, ana cire mata bututun abinci ana mayarwa bisa umarni iri iri, kowane ɓangare yana rugawa kotu da takardar gaggawa. A wurinmu ma, da za a ce takardar asibiti tana matso da ranar shari'a, na tabbata kafin wata uku kowane mai ƙara zai zo da tasa, har da ƙato mai dakan sakwara. Wannan duk na sani. Amma maganin takardar ƙarya shi ne alƙali ya aika a dubo, ko ya je da kansa, tun da ƙauyen ba a bayan duniya yake ba.

Abin da nake nema ma ba baƙo ba ne a shari'armu, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi. A babin alƙalanci na Muhtasar an tsara wa alƙali waɗanda zai fara dubawa: na tsare a kurkuku, sa'an nan al'amarin marayu da dukiyarsu, kuma a cikin masu jiran layi an ce ya gabatar da matafiyi da duk abin da ake tsoron kuɓucewarsa. In an gabatar da fatake don kada ayari ya tafi ya bar su, ina ga wanda tafiyarsa ba ta da dawowa? Malamai sun kuma yarda mutum biyu adalai su ɗauko shaida daga bakin mashaidin da ciwo ya hana shi zuwa, su isar da ita gaban alƙali. Sun yarda a tsare abin da ake jayayya a kansa, kada ɗaya ya yi ta ci har a gama. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke ji da ita, ta keɓe wa wannan fasali. A cikin birnin nan na Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami, shekaru fiye da 200 da suka wuce, domin jama'ar gari sun roƙe shi ya nuna musu yadda ake hukunci. Ashe ba ilmin ne ya ɓace ba. Mun ɗauki littattafan Malikiyya muka ɗora musu tsarin ɗage-ɗage da hutun kotu da muka gada daga Turawa, har da dogon hutun manyan kotuna da ke faɗawa tsakiyar damina, muka haɗa nauyin biyu muka aza wa manomi.

A ganina Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai suna iya gyara rabin wannan da umarnin aiki, ba sai an taɓa Tsarin Mulki ba. A buɗe rajista ta dabam domin ƙarar da mai ita ko babban mashaidinta ya tsufa ƙwarai ko yake kwance, a ɗibar mata kwanaki, kamar yadda aka ɗibar wa kotunan ƙananan basussuka da jihar nan ta buɗe a 2019 kwana 60. In bashin ɗan kasuwa ya cancanci wa'adi, gonar marayu ma ta cancanta. A ɗauki shaidar tsoho tun a makon farko, a ɗakinsa in ta kama, a gaban abokin shari'a domin ya yi masa tambayoyi, a naɗe ta a waya a rubuta, kuma ta tsaya ko da an ce a sake shari'a. Maganar hurumi a yanke ta a zaman farko. Kuskure irin na rashin i'izari kuwa, wanda laifin alƙali ne ba na masu shari'a ba, kotun sama ta kira su ta yi musu tambayar da kanta, maimakon ta mayar da su gindin bene. Sauran rabin, watau haɗe mararrabar nan ta sashe na 277, aikin Majalisar Tarayya ne, ban kuwa sa rai da shi nan kusa ba.

Mu ma muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Dattijo yana jin kunyar ya tara 'ya'yansa ya ce ga abin da na ba wane, ga abin da ke jingina a hannuna, ɗa kuma yana tsoron ya tambaya kada a ce yana yi wa uba fatan mutuwa. Ana iya rubuta wannan da ajami a bayan takardar sayen taki, liman da mai unguwa su sa hannu, amma ba a yi. In an yi rasuwa kuma sai a ce a bar gandu a haɗe don zumunci, wanda sau da yawa ma'anarsa ita ce babban wa ya ci, mata su yi haƙuri. Shekara goma, ashirin, har magada su fara mutuwa, rabo ya hau kan rabo, lissafin da malaman gado ke kira munasaha, gonar da ba ta fi a nome ta da safiya ɗaya ba ta tashi da masu ita talatin. Abin da ke taruwa a zukata cikin waɗannan shekaru ba ya tsayawa a kotu. Ran 15 ga Mayu 2024 wani mutum ya rufe masallaci a Larabar Abasawa, cikin Ƙaramar Hukumar Gezawa, ya cinna masa wuta ana sallar asuba, mutum fiye da 20 suka rasu. 'Yan sanda sun ce ya shaida musu cewa daɗaɗɗiyar rigimar rabon gado ce ta kai shi. Alhakin wannan yana wuyan wanda ya ƙyasta ashana, ba na ɗora shi a kan kowa. Na kawo shi ne domin duk wanda ya tashi a yankinmu, da ya ji labarin, bai tambayi wace irin rigima ce ba.

Da Gwaggo ta rasu, rabonta na tumunin da za ta raba da kishiyarta ya zama gado shi ma: kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta mata, saura na ɗan'uwanta, watau mahaifina. Saboda haka aka ce sai an sauya sunayen masu ƙara kafin a ci gaba, sauyawar ma da takardarta da ranarta. Mahaifina, wanda bai taɓa taka kotu ba, yanzu shekararsa 68, kuma tun bara yake fama da ƙafa. Da na kai masa takardar ya sa hannu, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Yanzu ni ma na shiga layin ke nan?" Na ce, "Eh, Baba." Ya dangwala yatsa, ya miƙo mini, ya tambaye ni ko an fassara takardun. Na ce an ce mini an kusa.